Yadda Ake Cire Marfin Magudanar Baho Idan Ruwa Ya Ƙi Wucewa

Idan ruwan wanka ya fara taruwa a baho har yana taɓa idon sawu, ko kuma ya ɗauki lokaci yana ƙugi kafin ya tsiyaye, kada ka yi saurin aikawa a kira mai gyaran famfo, kada kuma ka ruga shago neman maganin da ake zubawa a magudana don buɗe toshiya. Sau da yawa abin da ya toshe hanyar yana nan kusa, bai wuce tsawon yatsa ba daga bakin ramin. Gashi ne ya naɗe, sabulu ya liƙe shi, man shafawa ya ƙara masa danƙo. A gidan da ake tsifar kai ko wanke kitso a banɗaki abin ya fi saurin faruwa, balle a ce ana yin dilka ko ruwan gidan na zuwa da yashi. Wahalar aikin duk tana wajen cire marfin ramin, domin kowane iri da yadda ake kwance shi.

Ka tanadi sukudireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, filaya, tocila, safar hannu ta roba, tsumma biyu, leda ta zuba datti, da waya mai ɗan ƙarfi irin ta maratayin kaya. Idan akwai ƙananan alanki a gida, wato 'yan ƙarafan nan masu lanƙwasa kamar harafin L da ake kwance kusa da su, ka ajiye su kusa. Ka kwashe ruwan da ya kwanta da moɗa, ka goge wurin ya bushe. Hannu mai santsin sabulu ba ya riƙe ƙarfe.

Duba irin marfin da kake da shi

Na roba mai sarƙa ba ya buƙatar bayani, ɗaga shi kawai za ka yi. Wani bahon kuma ɗan faifai ne mai huji-huji a bakin ramin, da kusa mai zare ɗaya a tsakiya. A nan ka yi hattara: a wasu bahon wannan kusar ce ke riƙe da bututun da ke ƙasa gaba ɗaya, idan ka kwance ta sai bututun ya saki, ruwa ya riƙa zuba ƙarƙashin baho. Idan ka fara murɗawa ka ji duk bakin ramin yana motsi, mayar da ita ka ɗaure, ka yi aikinka ta cikin hujojin da siririyar waya.

Na biyu shi ne mai ɗan kai a sama, wanda ake ɗagawa a murɗa, ko a ja sama a danna ƙasa. Ka bar shi a buɗe, ka riƙe jikinsa da hannu ɗaya, ka murɗa kan zuwa hagu kamar yadda ake buɗe marfin kwalba. Wani lokaci gaba ɗayansa zai fito. Idan kan ne kaɗai ya fita, za ka ga sandar tagulla a tsaye da tsaga a samanta, sai ka sa sukudireba ka kwance ta. Idan kuwa yana ta juyawa bai fita ba, ɗaga shi ka haska ƙarƙashinsa da tocila. Akwai wata 'yar mitsitsiyar kusa a gefen wuyansa. Sassauta ta za ka yi da alanki ko ƙaramin sukudireba, ba sai ka cire ta duka ba, don idan ta faɗa ramin ta tafi ke nan.

Na uku shi ne wanda ake takawa da yatsan ƙafa ya rufe, a sake takawa ya buɗe. Shi ma a buɗe ake kwance shi. Murɗa hularsa hagu ta fita, sannan ka kwance sandar da ke ƙasa. Akwai sifirin a cikinta, ka ajiye ta inda ba za ta gangara ba.

Na huɗu ya fi rikita mutane, wato wanda ake sarrafa shi daga jikin baho. A bangon baho, ƙasa da famfo, akwai wani faifai da ke rufe ramin da rarar ruwa ke bi idan baho ya cika. Idan faifan na da ɗan hannu ko kuma shi kansa ake murɗawa, to shi ke buɗe magudanar. Wani da ka buɗe sai marfin ya taso, ka kama shi ka zaro. Idan yana da lanƙwasasshen hannu a ƙasa, ka riƙa girgiza shi a hankali har ya biyo. Wani kuma ba marfi ko kaɗan a bakin ramin, abin toshewar yana can cikin bututu. Sai ka kwance kusoshi biyu na faifan, ka jawo shi sama sannu a hankali. Dogon ƙarfe zai biyo shi da wani ɗan gwangwani mai nauyi a ƙarshensa, galibi ya yi baƙi ƙirin da datti. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hotonsa da wayar salula, kuma kada ka murɗa notin da ke jikin ƙarfen, da shi aka daidaita tsawonsa.

Idan marfi ya cije saboda tsatsa ko gishirin ruwa, naɗe shi da tsumma kafin ka kama da filaya, don haƙoran filaya na kankare ƙyallin ƙarfe. Ka ɗiga ɗan mai ka ba shi lokaci. Ƙarfi ba ya amfani a nan, abin da ke ƙasa siriri ne, kuma idan ya karye aikin ya fi ƙarfin gyaran gida.

Fitar da dattin

Haska ramin. Za ka ga ƙarfe biyu sun gitta juna, a nan gashi ke sarƙewa. Lanƙwasa bakin wayarka ta yi ƙugiya, ka zura, ka juya, ka jawo sama. Abin da zai fito ba kyan gani: curin gashi mai toka-toka, da yauƙi, da wari. Ka sa a leda, kada a jefa a masai. Ka maimaita har wayar ta riƙa fitowa ba komai. Ja ake yi, ba turawa ba. Duk abin da ka tura ƙasa zai je ya zauna a gwiwar bututu, wato lanƙwasar nan da ruwa ke kwanciya a cikinta don tare warin da ke tasowa daga sokawe, kuma can hannu ba ya kaiwa.

Ana sayar da wata siririyar roba mai ƙayoyi a gefe a shagunan kayan famfo, ta fi waya kama gashi, kuma ba ta huda bututu.

Sai ka zuba ruwan zafi da ɗan sabulun wanke-wanke ya narkar da maiƙon. Mai zafi, amma ba tafasasshe ba. Bututun roba na PVC da ake sa wa yawancin gidaje yanzu an yi shi ne don zafin da bai wuce kusan digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa 100 ne, yana iya sa shi laushi ya saki a mahaɗa.

Idan har yanzu ruwa na jan ƙafa

Ɗauko robar nan mai sanda da ake zuƙe toshiya da ita. Abin da mutane ke mantawa shi ne ramin rarar ruwa na jikin baho: idan ba ka cusa masa jiƙaƙƙen tsumma ba, iskar da kake dannawa ta nan za ta fice, ka yi ta wahalar banza. Toshe shi, tara ruwa ya rufe bakin robar, ka danna ka ja da sauri sau da yawa. Idan bai yi ba, sai doguwar wayar masu gyaran famfo mai murɗawa, kuma ta ramin rarar ruwan ake zura ta, don hanyarsa ta fi miƙewa zuwa gwiwar.

Ni ban ga amfanin fara aiki da soda mai ƙuna ko asid ba. Idan ba su buɗe hanyar ba sai su kwanta a ciki, wanda zai sa hannu daga baya ya ƙone. Kada kuma a kuskura a haɗa bilic irin su Hypo ko Jik da asid ko wani maganin wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne, ga banɗaki ba iska. Idan an riga an zuba wani abu, ka ajiye robar zuƙa don kada ya fantsamo maka a ido, kuma ka faɗa wa mai gyara kafin ya fara.

Wanke marfin da tsohon buroshi, ka duba zoben robarsa ko ya tsage, ka mayar da komai yadda ka same shi, ɗauri daidai hannu. Rufe, tara ruwa, ka ga ko yana riƙewa, sannan ka buɗe ka ga gudunsa. Ka sayi 'yar rariyar da ake ɗorawa a bakin rami, a riƙa kwashe gashin bayan kowane wanka.

Idan kuwa ka lura ba baho kaɗai ba ne, wurin wanke hannu ma na jinkiri, ko an ja ruwan masai sai ƙazanta ta ɓullo a baho, to toshiyar na babban bututu ne ko sokawe ya cika. A daina zuba ruwa a banɗakin, a kira mai gyaran famfo.