Darasi na 9: Ƙari da Ciwon Daji

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A jikin baligi sun kai kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarni a cikinta: yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu ta ba sabuwa wuri. Shi ya sa in wuƙa ta yanke ka, nama yake tsirowa ya rufe wurin, da ya cike kuma ya tsaya.

Wani lokaci umarnin nan yakan lalace. Sai ƙwaya ta yi ta rabuwa ba tsayawa, ta ƙi mutuwa, 'ya'yanta su taru su zama dunƙule. Wannan dunƙulen shi ne ƙari.

Ƙari iri biyu ne, a kula da wannan sosai. Akwai mai zama wuri ɗaya, yana girma a hankali, ba ya shiga naman da ke kewaye da shi. Ƙarin kitse da ke fitowa a kafaɗa ko gadon baya, mai laushi, mai zillewa in an danna, irin wannan ne. Haka ƙarin mahaifa da ke damun mata da yawa. Yana iya jawo zubar jini ko nauyin mara, amma ba daji ba ne.

Na biyun shi ne ciwon daji, ko sankara, ko kansa. Shi yaɗo yake yi kamar kabewa, ya haura katanga ya shiga gidan maƙwabta. Yana cin naman da ke kusa, wasu ƙwayoyinsa kuma su ɓalle su bi jini ko hanyoyin kaluluwa su yada zango a hanta, huhu ko ƙashi. Abin da ya sa likita in yana duba mama yake lalubar hammata ke nan: can sankarar mama ta saba fara sauka.

Me ke lalata umarnin? Hayaƙin taba na kan gaba. Akwai ƙwayar cutar hanta nau'in B, da gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu. Su biyun suna jawo dajin hanta. Ƙwayar cutar HPV ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, kuma tun Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. Tsufa da gado ma suna da nasu kason. Shi kansa dajin ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko jinyar mai shi.

Akwai maganar da ake yawan yi, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Maganar nan ta ci rayuka. Mace za ta ji ƙululu kamar ƙwallon dabino a mamanta, ba ya ciwo, sai ta yi shiru, ko a yi ta shafe-shafe har wuri ya fashe. Alhali hannu ba ya iya bambance ƙari mai zama da mai yaɗo. Sai an ɗebi ɗan nama da allura an duba a ɗakin gwaji. In an same shi bai bar mazauninsa ba, tiyata kan iya cire shi duka. In ya riga ya bazu, sai an haɗa da magunguna masu ƙarfi ko gashi da na'ura, wahala da kuɗi kuma su ninka.

Aiki: Karanta sakin layi na 3 da na 4 da ƙarfi. Sannan ka rubuta a littafinka bambanci biyu tsakanin ƙarin kitse da ciwon daji, da sunan asibitin da ya fi kusa da garinku inda ake duba ƙululu.