Babi na Bakwai: Ciwon Gwiwa da Abin da Ake Gada daga Iyaye

Idan mutum ya haura shekara 50, gwiwarsa ta fara ƙara lokacin da zai miƙe daga sujada, ko ta riƙa yin tsami da sassafe kafin ya ɗan taka, mutanenmu a Garwa da Marwa sukan ce sanyin ƙashi ne, wasu kuma su ce gadon gidansu ne, domin haka mahaifiyarsa ta yi fama. Maganar gado tana da gaskiyarta, amma tana da iyaka, kuma sanin iyakar yana da amfani ga mai ciwon.

A bakin ƙasusuwan da suka haɗu a gwiwa akwai guringuntsi mai santsi wanda yake hana ƙashi gugar ƙashi. Idan ya zaizaye, sai ciwo ya zo, gwiwa ta kumbura, wani lokaci ƙafa ta karkace. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai irin na zaizayar guringuntsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 365 ne suke da shi a gwiwa, kuma mata sun fi maza kamuwa.

Kowane mutum yana karɓar ƙwayoyin gado daga uwa da uba, su ne suke tsara yadda jikinsa zai ginu da yadda zai yi aiki. Wasu daga cikinsu suna kula da sinadaran da ke kai saƙon kumburi, waɗanda masana suke kira IL-1 da IL-6 da TNF. Aikin waɗannan sinadarai kamar na sanƙira ne: idan an ji rauni, sai su yi shela jiki ya kawo ɗauki. Wannan shela alheri ce muddin ta tsaya a kan lokaci, amma idan ta daɗe a cikin gwiwa, sai ta sa jiki ya riƙa cin guringuntsinsa da kansa. Tun da ƙwayoyin gadon mutane sun ɗan bambanta, masana sun daɗe suna binciken ko wannan bambanci ne yake sa gwiwar wani ta riga ta wani lalacewa.

Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa gado yana da kusan kashi 40 cikin 100 na dalilin da ya sa wasu suke kamuwa wasu ba sa kamuwa. A 2007 masana a Japan suka gano alaƙar ciwon da wata ƙwayar gado mai suna GDF5, wadda take aiki wajen ginin gaɓɓai, sannan a 2021 wani babban bincike da ya haɗa mutum sama da 800,000 ya gano wurare 100 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da cutar. Kowane ɗaya tasirinsa kaɗan ne ƙwarai. Game da ƙwayoyin gado masu kula da kumburi kuwa, sakamakon yana saɓawa daga wata al'umma zuwa wata, kuma yawancin waɗanda aka bincika Turawa ne, abin da ya kamata ya dame mu, domin ba daidai ba ne a ɗauki awon wasu a ɗora wa mutanen Binuwai ko na bakin Tafkin Chadi. Saboda haka babu gwajin jini da zai faɗa wa mutum cewa lallai gwiwarsa za ta lalace, kuma kada kowa ya biya kuɗinsa ga mai yi masa wannan alkawari.

Wanda ya san ciwon yana gidansu shi ya fi kowa bukatar kula da abin da yake hannunsa. Na farko shi ne nauyin jiki, domin duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Rauni ma yana buɗe wa cutar ƙofa: matashin da ya faɗi daga babur ko ya gurɗe a filin ƙwallo ya je asibiti a duba shi, kada ya tsaya ga ɗauri kawai. Masu dashen masakwa da masu ɗaukar ruwa, waɗanda suke yini a durƙushe ko ɗauke da kaya, su riƙa hutawa suna sauya zama. Wanda sujada ta gagare shi, addini ya yi masa sauƙin yin salla a zaune.

A kiyayi ƙwayoyin kashe ciwo na masu talla a kasuwa. Shan diklofenak ko ibuprofen kullum yana iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini. Idan kuma gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan wata cuta ce daban, a garzaya asibiti a ranar.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya zauna a kan benci, ya miƙe ƙafa ɗaya sosai, ya ƙirga 5 kafin ya sauke ta a hankali, ya maimaita sau 10, sannan ya koma ɗaya ƙafar. Wannan yana ƙarfafa naman cinya da ke tallafar gwiwa, kuma ana so a riƙa yinsa safe da yamma a gida. Bayan haka kowa ya rubuta jimla 3 a kan wani babba a danginsu mai ciwon gwiwa da irin aikin da ya yi a rayuwarsa, ba tare da ambaton sunansa ba.