Wace Babbar Manhaja Za Ka Ɗora wa Sabar Kasuwancinka?

Masu injin casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu kan tambaye ni game da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan kasuwancinsu: Malam, Windows ko Linux? Ni kuwa sai in ce su fara nuna mini manhajar da suke lissafi da ita. Ita ce mai yanke hukunci.

Idan manhajar taka sai da rumbun bayanai na Microsoft SQL Server take aiki, kuma kamfanin da ya sayar maka ita Windows kaɗai ya sani, ɗauki Windows Server ka biya kuɗin lasisi. Tun 2017 SQL Server yana aiki a kan Linux, amma kada ka jawo wa kanka rigima da mai gyara.

Idan kuwa PostgreSQL ko MariaDB ne rumbun bayananka, shawarata Ubuntu Server, wani nau'in Linux, kuma lallai na LTS, wato wanda ake daɗewa ana kula da shi, kamar 24.04. Kyauta ne, ana aiko masa gyaran tsaro shekara biyar, ba ya cin ƙarfin kwamfuta sosai. Debian ma, wani nau'in Linux ɗin, yana da kyau.

Sai ka tambayi kanka: ranar da sabar ta tsaya a tsakiyar kaka, motoci na jiran awo, wa zai zo? Idan babu wanda ya iya Linux kusa da kai, wannan kaɗai ya isa ya sauya zaɓinka.

Kada ka kunna sabar ba inbata ko UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata bayanai. Kowane dare ka kwafe su zuwa wani faifai, ka ajiye shi a wajen shagon.