Launin boron: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Duk shekara idan jarrabawa ta gabato, yaran unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi da nake yi wa bitar kimiyya da yamma sai sun rubuta mini cewa boron fari ne. Farin garin da suke gani wurin maƙeran zinariya boraks ne, wato gishirin da boron ya haɗu da sodiyam da oksijin da ruwa. Boron zalla, mai lamba 5 a jadawalin sinadarai, idan gari ne marar tsari launinsa ruwan ƙasa ne. Idan ya zama kiristal, yawanci baƙi ne mai sheƙi, taurinsa ya haura 9 a ma'aunin Mohs, inda daimon yake 10.

Wasu kuma su ce kore ne, don sun ga koren harshen wuta a ɗakin gwaji. Wannan haske ne da tururinsa ke fitarwa cikin wuta, ba launin kiristal ɗin ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na manyan, har da masu karatun jami'a: a haddace "baƙi" a rufe littafi. Kiristal ɗin boron ba iri ɗaya ba ne. Nau'in beta, mai atom kusan 105 a kowane rukunin tsarinsa, shi ne baƙin. Nau'in alfa mai atom 12, idan tsarkakakke ne, ja ne, haske na ratsa shi. Bambancin yana cikin tazarar kuzarin da ƙwayoyin lantarkin cikin atom ke bukatar tsallakewa kafin kiristal ya haɗiye haske. Ana auna wannan kuzari da ma'aunin da ake kira eV. Tazarar alfa kusan 2 eV ce, ta beta kusan 1.6 eV.

Gyaran bai wuce lissafi ɗaya ba. A raba 1240 da tsawon zangon hasken a nanomita (ɗaya cikin biliyan na mita), sai kuzarinsa ya fito a eV. Ja mai 700 ya ba da kusan 1.8 eV, kore mai 530 kusan 2.3 eV. To, alfa zai haɗiye kore da shuɗi don kuzarinsu ya haura tazararsa, ja ya wuce abinsa. Beta kuwa kusan duk abin da ido ke gani ya fi ƙarfin tazararsa, sai ya shanye, mu ga baƙi.

Daga nan sai wani ya ce ai baƙin babu hasken da ke ratsa shi. Akwai. Wani ɓangare na hasken infirared (mai zangon da ya fi na ja tsawo), wanda kuzarinsa bai kai tazarar ba, yana wucewa. Idonmu ne bai ganinsa.

Sheƙin ma na yaudara, har a rubuta cewa ƙarfe ne. Ƙarfe idan ya yi zafi, gudun lantarki a cikinsa raguwa yake yi. Boron a zafin ɗaki da ƙyar yake kai wutar lantarki, sai an gasa shi sosai yake buɗe hanya.