Yadda za ka ji daɗin tarihin Anglo-Saxon da 'yan Viking ta fodkas da littattafan binciken kisa

Daga lokacin da Rumawa suka tattara nasu ya nasu suka bar Birtaniya, wajen shekarar 410, zuwa yaƙin Hastings na 1066, shekara ce fiye da 600 cike da sarakuna da mahara da limaman coci. Shi ne zamanin Anglo-Saxon, wato ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Turai suka zauna a Ingila. Abin da ke korar mutane daga wannan tarihi ba wahalarsa ba ce, sunaye ne. Ga Aethelred, ga Aethelwulf, ga Aethelflaed, kafin ka rarrabe wanda ya haifi wani, kai ya ɗau zafi. Maganin shi ne ka raba aikin biyu: kunne ya ɗauki jerin abubuwan da suka faru, littafin labari kuma ya shigar da kai cikin gidajen mutanen.

Fara da kafa turaku. Kafin ka danna komai, samu takarda ka rubuta shekaru kaɗan. A 597 Augustine ya sauka Kent da wa'azin Kiristanci. A 793 'yan Viking, maharan teku daga Denmak da Norway da Suwidin, suka far wa gidan ibada na tsibirin Lindisfarne. A 865 babbar rundunarsu ta shigo da niyyar zama, shekara guda bayan haka birnin York ya faɗa hannunsu. A 878 Sarki Alfred na Wessex ya karya lagon Guthrum, shugaban 'yan Viking, a Edington. A 927 jikansa Athelstan ya haɗe Ingila ƙarƙashin sarki ɗaya, a 1016 kuma Cnut ɗan Denmak ya hau wannan gadon. Buɗe taswira ka gano Wessex a kudu, Mercia a tsakiya, Northumbria a arewa, East Anglia a gabas. Ya isa haka. Duk wani suna da ka ji daga baya, sai ka ɗaure shi a turken da ya fi kusa.

Sai ka zaɓi fodkas ɗaya, ka riƙe shi. Fodkas shirin rediyo ne da ke zaune a intanet, ka saurara sa'ad da ka ga dama ta Spotify ko Apple Podcasts ko YouTube. Wanda ya saba da rediyo a kunne ba zai ji baƙunta ba. Idan kana son a bi da kai daki-daki, The British History Podcast na Jamie Jeffers ya daɗe ƙwarai a kan zamanin Anglo-Saxon, har da abincinsu da magungunansu. The History of England na David Crowther ya fi sauri da barkwanci. In Our Time na BBC kuwa masana uku ake zaunarwa su tattauna batu ɗaya, kamar Alfred ko Danelaw, yankin Ingila da 'yan Viking suka mallaka, cikin kusan minti 45. Ni a ganina kada sabon shiga ya fara da shi, don masanan suna magana kamar kowa ya riga ya san labarin. Ajiye shi sai ka yi ƙwari.

Dukansu da Turanci ake yin su, wani lokaci da saurin baki. Rage gudun muryar zuwa 0.8, babu abin kunya a ciki. Ka sauke kashi biyar ko shida lokacin da data ta yi araha, ka saurara a mota ko wajen guga. Kada ka tsaya kan kowane suna, wanda yake da muhimmanci zai sake dawowa da kansa.

Bayan kunne ya saba, ɗauko littafin bincike. Me ya sa na binciken kisa, ba na yaƙi ba? Littafin yaƙi sarakuna da takubba yake nuna maka. Mai binciken gawa kuwa dole ya shiga rumbu da madafi, ya tambayi bawa da matar gida, ya san abin da doka ta ce. Kuma a wancan zamani babu 'yan sanda, babu hoton yatsa. Dangin mamaci ne ke neman hakkinsa, ko su karɓi diyya ko su ɗau fansa. A Wessex diyyar talaka mai 'yanci sule 200 ce, ta babban mutum 1,200. Wanda ake zargi yakan kawo mutanen da za su rantse tare da shi. In abin ya ƙi, sai a ba shi jan ƙarfe daga wuta ya yi tafiyar ƙafa tara da shi, a naɗe hannun, bayan kwana uku a kwance: in ciwon ya kama hanyar warkewa ya kuɓuta, in ya ruɓe ya shiga uku. Marubucin da ya iya aikinsa a cikin wannan duniyar zai sa ka nemi mai laifi.

Mafari mai kyau shi ne Absolution by Murder na Peter Tremayne, wanda ya fito a 1994. An gina shi a kan taron Whitby na 664, inda aka yi muhawara kan yadda za a riƙa lissafa ranar Ista, babban bikin Kiristoci, kuma Fidelma, masaniyar shari'a daga Ireland, ita ke binciken kisan da aka yi a wurin. Don zamanin Viking akwai The King's Hounds na Martin Jensen, marubuci ɗan Denmak, wanda ya kai ka Oxford a 1018, lokacin da Cnut ke ƙoƙarin sulhunta Turawan Ingila da mutanensa. Za a yi ta ba ka shawarar littattafan Cadfael, wani limamin coci mai binciken kisa. Suna da daɗi, amma ƙarni na 12 ne, bayan zamanin da kake nema.

Dabarar ita ce daidaita fodkas da littafi. Kada ka karanta littafin Whitby sai fodkas ɗinka ya kai ƙarni na bakwai.

Sannan ka tace. Kana gama littafi, duba bayanin marubuci in akwai, inda yake faɗin wa ya ƙirƙira, wa tarihi ya sani. Taron Whitby ya faru, Sarki Oswiu ya jagorance shi, amma Fidelma ƙirƙira ce. Haka hular ƙarfe mai ƙaho da ake zana wa 'yan Viking: wadda aka tono a Gjermundbu ta ƙasar Norway a 1943 ba ta da ƙaho ko ɗaya. Ka kuma riƙa tambayar wane ne ya rubuta labarin asali. Kundin tarihin Anglo-Saxon a zamanin Alfred aka fara harhaɗa shi, a masarautarsa, saboda haka kada ka yi mamaki in Wessex ce kullum mai gaskiya, 'yan Viking kuma arna masu ƙona coci.

In kana son gwada kanka, ga kisan gaske. A watan Maris na 978 aka kashe matashin sarki Edward a Corfe, yana ziyarar matar ubansa Aelfthryth, ɗanta Aethelred kuma ya gaje shi. Marubutan baya sun ɗora mata laifin, amma bayanan farko ba su ambace ta da hannu a ciki ba. Saurari abin da fodkas biyu suka ce, ka yanke naka hukuncin.

Daga nan bi sawun azurfa. Wannan ne wurin da mai karatu Musulmi zai ga abin da ya sani. A 844 'yan Viking suka kai hari Ishbiliya ta Andalus, wato birnin Seville na Sifen. A 922 Ahmad ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya gamu da 'yan Rus, waɗanda ake ɗauka 'yan Viking ne na gabas, a bakin kogin Volga, ya rubuta yadda suka ƙona gawar shugabansu a cikin jirgin ruwa. Dirhamin ƙasashen Musulmi dubbai aka tono a tsibirin Gotland na Suwidin, wasu ma sun kai har Ingila. A gidan tarihi na British Museum kuma akwai dinarin zinare na Sarki Offa na Mercia, wanda aka kwaikwaya daga na Halifa Mansur mai shekarar 157 ta Hijira. Kalmar shahada na jikinsa, an kuma buga sunan Offa a tsakiya, a kife. Za ka ci karo da masu cewa wannan ya nuna Offa ya musulunta. Babu hujja a kan haka. Alamu sun fi nuna maƙerin bai iya karanta Larabci ba, kuɗin da 'yan kasuwar Bahar Rum suka yarda da shi kawai ya kwafa.