Yadda Ake Sayen Ƙaramin Jirgin Sama Da Ya Daɗe Yana Tashi

Duk wanda ke Yamai yana neman ƙaramin jirgi irin Cessna 172 ko Piper PA-28 a farashi mai sauƙi, zai tarar masu arhar su ne waɗanda gangar jikinsu ta haura awa 10,000 a sama. Yawan awoyin kaɗai bai isa ya hana ciniki ba, abin tambaya shi ne irin aikin da jirgin ya yi a cikinsu.

A fara raba awoyin inji da na gangar jiki. Injin Lycoming O-320, wanda ke jikin da yawa daga cikin waɗannan jirage, ana kwance shi a sabunta bayan awa 2,000 ko shekara 12 bisa shawarar kamfanin, amma ƙashin fiffike, wato dogon ƙarfen da ke riƙe da fiffiken daga ciki, yakan zauna tun ranar da aka ƙera jirgin. Saboda haka sabon inji, komai ƙyallinsa, ba ya ba da shaida kan fiffike.

Sannan a zauna da littattafan tarihin jirgin shafi bayan shafi, a lura da shekarun da babu rubutu. Jirgin makarantar koyon tuƙi ya sha sauka mai tsanani a hannun ɗalibai, kuma irin wannan gajiya ce ta sa fiffiken wani Piper PA-28R ya ɓalle a Fulorida ta Amurka a watan Afrilun 2018, lamarin da ya sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka (FAA) ta tilasta binciken ramukan notin ƙashin fiffiken wasu jiragen Piper da na'urar gano tsaga. Idan babu shaidar binciken a littafi, a yi shi kafin kuɗi su bar hannu.

Makaniken da zai duba ya zama naka, ba na mai sayarwa ba. Ya buɗe murafen ƙarƙashin fiffike da tocila da ɗan madubi, ya nemi farin gari kamar toka a jikin alminiyom (alamar tsatsa) da baƙin zane bayan ƙusoshi (alamar sun yi sako-sako), musamman idan jirgin ya zauna a Kwatano ko Lome inda iskar teku ke cin ƙarfe. Busasshiyar iskarmu ba ta gyara ɓarnar da aka riga aka yi.

Bayan rajista da ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, a ƙarƙashin lambar 5U ta jiragen ƙasar, sai a bi jirgin a hankali. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, zafin bazara da ke wuce digiri 40 kuwa yana rage wa inji ƙarfi, don haka a tashi daga filin Diori Hamani da sassafe, a rage kaya, kuma a tabbatar da inda za a sami man jirgi samfurin 100LL kafin a nufi Tawa.