Darasi na 9: Maganin Kullum da Damuwar Zuciya

Wata baiwar Allah mai sayar da fura a bakin Babbar Kasuwar Sakkwato tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Shekara biyu tana shan maganinta ba fashi. Sai Allah ya yi wa mijinta rasuwa. Ta shiga takaba, barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta. Robar maganin tana ƙarƙashin katifa, kwana ashirin ba a buɗe ta ba.

Innarta ce ta lura.

"Ɗiyata, yaushe rabonki da maganin nan?"

"Inna, na gaji. Me zai ƙara mini?"

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta jawo tabarma ta zauna, ta bar ta ta yi kukanta har ta ƙoshi. Da asuba, bayan sallah, ta kawo mata ruwa a moɗa da ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Da gari ya waye ta raka ta asibiti, don lalura irin wannan ba ta hana mai takaba fita.

Ka lura, ba mantuwa ce ta raba matar nan da magani ba, baƙin ciki ne. Shi kuwa maganin ba ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi. Da an daina sha, cikin 'yan makonni sai ta sake yaɗuwa a jini, wani lokaci ma ta bijire wa maganin. Yawancin masu sha a Najeriya yanzu TLD ake ba su, magani uku a ƙwaya ɗaya, sau ɗaya a rana. Kyauta ne a asibitocin gwamnati, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Bayan wata 6 da farawa ana gwajin yawan ƙwayar cutar a jini. Idan ta ragu har na'ura ba ta ganinta, kuma aka ci gaba da sha, miji ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya, ita ma haka.

Idan ka yi mako 2 cikin ƙunci, ba barci, ba sha'awar komai, gaya wa ma'aikacin da ke ba ka magani. Wannan ciwo ne, ba raunin imani ba, kuma ana maganinsa. In har tunanin kashe kai ya zo maka, ranar za ka je, kada ka jira ranar karɓar magani. Mai tsoron kora daga aiki kuma ya sani, tun 2014 akwai dokar da ta hana nuna wa masu ɗauke da cutar wariya.

Haɗa shan maganin da abin da ba ka fashinsa, kamar sallar asuba. In ka manta, sha da zarar ka tuna, amma kada ka haɗa biyu. Da azumi, nemi shawarar likita a kan mayar da shi sahur ko buɗa-baki. Zafin garin nan kuwa ka san shi: kada ka bar robar a rana ko cikin akwatin babur.

Aikin gida: a bayan littafinka, rubuta ƙarfe nawa mai shan magani zai riƙa sha, da ranar komawarsa asibiti, da mutum ɗaya da zai iya gaya wa damuwarsa.